Sarki a Gaban Soja

Tun ranar da Baba ya manta butar shayi a kan wuta har gindinta ya ƙone, Yaya ya kafe a kan magana ɗaya: a rufe shagon gyaran agogon nan, tsohon ya tattara ya koma gidan shi Yayan da zama. Baba ya ce ƙwaƙwalwarsa garau take, mantuwa kuma ai kowa na yi. Da gardama ta ƙi ƙarewa sai ya nuna allon ces, darar nan ta sarki da sarauniya, ya yanke wa kansa hukunci: ranar da Auta ta cinye shi a wannan wasa, ranar zai miƙa makullin shago ba musu.

Yaya ya yarda nan take, don shi bai san bambancin doki da soja a wasan ba. Auta ce ta shiga uku.

Ita kaɗai ta gaji wasan cikin 'ya'yansa. Tun tana ƙarama take zama a kan benci tsakanin agogunan bango, kowanne na faɗin nasa lokacin kamar 'yan gida ɗaya masu gardama, Baba na koya mata taku yana haɗawa da labari. Ya ce wasan nan ya yi yawon duniya daga hannun wani zuwa hannun wani, kuma sarauniyar da ake tsoro yanzu waziri ce a da, taku ɗaya tak take yi. Bai taɓa barin ta ta ci don lallashi ba, bai kuma taɓa yarda a janye taku ba. Abin da ka taɓa, shi za ka tura, ko da kuka kake.

Yanzu ga shi ta girma, tana koyarwa a makaranta, duk yammar Asabar sai ta zo su buga. Kuma ta daɗe da gane cewa ta fi shi. Yakan bar dokinsa a bakin sojanta bai gani ba, sai ta yi kamar ita ma idonta ya rufe. Wata rana ta ba shi sarauniya kyauta, har da dafe kai. Ƙaryar tana yi mata ciwo, amma ta san shagon nan shi ne sauran ƙarfinsa, kuma tana tsoron abin da zai zama idan aka zaunar da shi a falon Yaya gaban talabijin.

Wannan Asabar ɗin wasan ya zo mata a karkace. Duk ƙoƙarinta na zubar da kayan wasanta, Baba ya fi ta zubarwa. Aka yi ta musaya har allo ya zama fayau: ita da sarki da soja ɗaya, shi da sarki tsirara. Duk wanda ya iya ya san ta ci. Abin da ya rage kawai sarkinta ya wuce gaba ya share hanya, sojan ya biyo shi har ƙarshen allo ya zama sarauniya.

Amma akwai mafita, ta kuwa gan ta. Idan ta yi ta tura sojan shi kaɗai, sarkin Baba zai tsaya a gabansa, a ƙarshe ya rasa wajen motsi alhali ba a kama shi ba, a tashi canjaras. Canjaras kuwa ba ci ba ne. Ta sa yatsa ta tura sojan, tana kallon titi kamar wata mota ce ta ɗauke mata hankali.

Baba ya ɗora gilashin duba agogo a idonsa, abin da yakan yi idan yana tunani, ya cire. Sannan mutumin da bai taɓa janye wa kowa taku ba ya ɗauki sojanta ya mayar da shi gidan da ya baro.

"Ba haka na koya miki ba," in ji shi. "A ƙarshen wasa sarki ne a gaba."

Ta ce kuskure ne, ita ma gajiya ta yi mata yawa. Ya girgiza kai. Ya ce farkon wasa ya fara ɓace masa, tsakiya ma hazo yake gani, amma wannan wurin tun kafin a haife ta yake cikin yatsunsa, kuma ita ba za ta yi irin wannan kuskuren ko cikin barci ba.

"Auta, agogo idan ya fara latti, da wani agogon ake gane shi. Ke ce nawa. In kina mayar da hannunki baya don ki yi daidai da ni, ta ina zan san inda na kai?"

Kunya ta kama ta, da tausayinsa, da wani irin sauƙi da ba ta zata ba. Ta ɗauki sarkinta ta sa shi gaba. Baba ya kare da duk iyawarsa, yana tsayawa daidai fuskar sarkinta, ita kuma tana jira har taku ya tilasta masa kaucewa. Sojan ya bi hanya a hankali ya isa. Baba bai jira a kama shi ba, ya kwantar da sarkinsa a kan allo yadda ya koya mata tun tana ƙarama.

Ya ce ta kira yayanta, kuma ta tabbata an ɗauko allon nan cikin kaya, don a can ma za su ci gaba. Daga nan ya shiga neman makullin. Ya laluba aljihun riga, ya ja aljihun tebur, ya ɗaga tsumman goge agogo, ya sake komawa aljihun riga.

Auta na ganin makullin rataye a wuyansa da igiyar da ita da kanta ta ɗaura masa. Da jiya ne, da ta tashi ta taya shi nema, ta yi kamar ta tsinta.

"Baba," ta ce, "yana wuyanka."