Haƙora Huɗu a Gwangwani

Saura kwana uku a yi bikin gugar haƙora a gidan tsoho Rauh, tsakar gida ta cika da mata masu saƙa ganyen kwakwa da maza masu kafa rumfa. Jikokinsa bakwai ne za su kwanta bana, kuma shi zai riƙe magagari, kamar yadda ya yi wa yaran wannan ƙauye na tsibirin Bali shekara arba'in. Haƙora shida na sama ake gogewa, fiƙa biyu da na gaba huɗu, kowanne a madadin maƙiyi ɗaya da ke cikin mutum: sha'awa, kwaɗayi, fushi, maye, ruɗewa da hassada. Wanda ba a goge wa ba yaro ne, ko da ya yi furfura.

Cikin bakwai ɗin akwai Sekarini, mai shekara goma sha shida. Shekara biyu da suka wuce ta faɗi daga kan babur, haƙoranta huɗu na gaba suka zube a titi. Likita ya sa mata na roba, ya ja kunne cewa kada ƙarfe ya taɓa su. Tun daga lokacin ba ta dariya sai da hannu a baki.

"Baba, abin mai sauƙi ne," in ji Rasmin, gwaggon yarinyar, tana fige agwagwa. "Ka goge fiƙoƙin, sauran ka wuce da magagarin ta sama-sama. Wa zai leƙa bakinta?"

Rauh ya ga Sekarini ta ajiye saƙarta ta zagaya bayan gida, sai ya bi ta a hankali. Ya same ta a gindin mangwaro.

"Uwar gidana, wa ya taɓa min ke?"

"Kai tsoho, rabu da ni."

"In rabu da ke, wa zai dafa min shinkafa?"

Ba ta yi dariya ba. "Kaka, na ji abin da Gwaggo ta ce. Kowa a goge masa shida, ni biyu, sauran kuma wasan yara? In haka ne gara a cire ni. Ba zan tashi daga gadon gugar ana ce min babba alhali na san ƙarya ce ba."

"Ba ni zuwa gobe," ya ce.

Ya shiga ɗakin sassaƙarsa, ya zaro wani ƙaramin gwangwani daga ƙasan akwatin kayan aiki. Ranar haɗarin, da aka wuce da ita asibiti, shi ya koma titin ya tsince haƙoran ɗaya bayan ɗaya cikin tsakuwa. Bai gaya wa kowa ba. Yanzu ya yanko ɗan katako kamar tsawon yatsa, ya huda shi wuri huɗu, ya dasa su a jere, ya riƙe su da ƙaro.

Washegari da hantsi ya kai wa pedanda, babban malamin addininsu wanda zai jagoranci bikin, ya zauna a ƙasa ya yi bayani.

"A wane littafi ka ga wannan, Rauh?"

"Ranka ya daɗe, ban gani ba."

"Nata ne?"

"Nata ne, da hannuna na tsinto su."

Malamin ya juya katakon a tafin hannunsa, ya yi murmushi. "Sun taɓa ƙurar titi. A fara wanke su da ruwan tsarki."

Ranar biki da safe makaɗa suka cika gida da amon ƙarafa, hayaƙin turare ya tashi. Jikoki shida suka kwanta ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ciji guntun rake, aka goge masa, ya tofa a cikin ɗanyar kwakwa, ya duba madubi. Sekarini ce ta ƙarshe. Ta kwanta cikin zane mai ruwan zinariya, iyaye mata suka dafa ƙafafunta. Rauh ya goge fiƙar dama, ya goge ta hagu, sannan ya ce, "Tashi zaune."

Rasmin ta matso. "Baba, saura huɗu fa!"

"Na iya ƙirga, Rasmin."

Ya buɗe gwangwanin. Uwar yarinyar ce ta fara gane abin da ke ciki, ta dafe ƙirji. Sekarini ta kalli haƙoran, ta kalli kakanta.

Ya miƙa mata magagarin, abin da bai taɓa ba wani ba. "Waɗannan ke kika sha wahalarsu. Ke za ki goge."

Gugar farko ta zame, sai ya dafa wuyan hannunta ya daidaita mata, ya sake ta. A ta biyu ƙarfe ya ci, farin gari ya zuba cikin kwakwar. Makaɗa suka sassauta har ana jin ƙarar magagarin.

"Uku," in ji wata murya, tana ƙirgawa har da fiƙoƙi biyun. Rasmin ce, idonta cike da hawaye. Da aka kai na huɗu duk rumfar ta ɗauka. A na shida kiɗa ya ɓarke, mata suka yi ta watsa furanni.

Aka miƙo madubi. Sekarini ta riƙe shi da hannu biyu, ta buɗe baki ta duba, ta yi dariya har ana ganin dasashinta.

"To, uwar gida, kin girma," in ji Rauh. "Yanzu sai a daina yi wa tsoho rashin kunya."

Ta sauko daga gadon, ta durƙusa ta haɗa hannu a gabansa kamar yadda manya ke yi. Sannan ta ɗago.

"Kaka, magagarin nan naka ya dakushe. Gobe ka koya min yadda ake wasa shi."