Ingilishin Mushe Filimon

Altine ce ke karɓar haihuwa a ƙaramar likitar Hawandawaki, wato asibitin garin. Ba karatun ungozoma ta yi ba, jinya ta karanta a Maraɗi, amma da yake garin ba shi da ungozoma sai aikin ya faɗo kanta, ta koye shi a tsaye. Haihuwar da ta gagare ta, sai a ɗora mace a amalanke, ko a mota in an dace, a bi rairayi zuwa Tasawa. Wasu suna isa da rai, wasu ba sa isa.

Shekarar da ta shiga ashirin da tara, wata ƙungiya ta ba da sanarwar gurbin karatun ungozoma a Gana. Sharaɗin shi ne kada mace ta kai talatin, kuma ta ci jarrabawar Ingilishi a Yamai. Rubutu bai ba Altine tsoro ba, don tun a kolej ita ke zuwa ta ɗaya a Ingilishi. Maganar baki ce ta tsaya mata a rai. Ikram, wata ƙawarta ta makarantar jinya da ta taɓa zama irin jarrabawar, ta yi mata bayani a waya.

"Mutum ɗaya za a zaunar da ke gabanshi. Sai ya miƙo maki 'yar takarda da batu a rubuce, ki yi ta magana ke kaɗai har ya ce ya isa. Sau da yawa cewa suke a yi magana kan wani malami da ya koyar da ke. Ki shirya wannan sosai."

Altine ba ta yi dogon tunani ba. Ranar Lahadi, bayan an tashi daga sujada, ta hau bayan babur ɗin ƙanenta ta nufi Tasawa, gidan tsohon malaminta Filimon, wanda ake ce wa Mushe kamar yadda ake kiran malaman boko a can.

Duk wanda ya yi kolej a Tasawa ko Mayahi a shekarun baya ya san Mushe Filimon. Ya koyar da Ingilishi kusan rabin rayuwarsa kafin ya ajiye aiki. Dogo ne, siriri, ba ya fita sai da riga mai dogon hannu a ɗaure har wuya, ko da zafin bazara. A majami'a shi ake kira idan baƙuwar wasiƙa ta zo daga Najeriya ko wata ƙasa. Bayan ya ajiye aiki ma bai huta ba: kowace yamma yaran unguwa na cika zaurensa, yana koya musu ba ya karɓar komai.

Tsakaninsa da Altine kuwa ya wuce na malami da ɗaliba. Shekarar da ta faɗi jarrabawar ƙarshen kolej, mahaifinta ya ce karatu ya ƙare, ta dawo gona. Mushe Filimon ya hau keke ya tafi Hawandawaki da damina, ya sami uban yana noma, ya karɓi hauya ya kama kunya kusa da shi. Haka ya yi ta noma har rana ta yi tsaka, hannunsa ya yi kanta ya fashe. Uban ya dube shi ya ce, "Mushe, ajiye hauyar nan. Ta koma makaranta."

Da Altine ta faɗa masa abin da ya kawo ta, sai ya gyara zama, ya kira matarsa.

"Liza, zo ki ji. Ɗiyata za ta Gana."

"Ban tafi ba tukuna, Mushe," in ji Altine. "Sai na ci."

"Kin ci kin gama. Wane malami za ki yi magana a kai?"

"Akwai wani ban da kai?"

Ya ce a'a, bai dace ba, ta zaɓi wani. Amma Mama Liza ta yi dariya daga bakin murhu ta ce ta ga bakinsa ya ƙi rufuwa.

Haka suka fara. Duk Lahadi da yamma Altine na zaune a tabarma ƙarƙashin itacen bedi na tsakar gida, shi yana kan kujerarsa ta ƙarfe. Ta tsara magana a kansa: yadda yake shiga aji, yadda yake sa su rera sunayen watanni, da labarin hauya. Ta faɗa, ya tsayar da ita, ya gyara, ta sake. Ba ya barin kuskuren nahawu ko ɗaya ya wuce. Kowace kalma sai ya sa ta furta ta harafi bayan harafi, yadda take a rubuce, da ƙarfi, kamar mai kiran suna a aji. Idan ta zo wajen labarin hauya yakan kau da kai ya dubi katanga, sannan ya ce ta maimaita, wai ta haɗiye ƙarshen wata kalma.

Wata Lahadi ta gaya masa Ikram ta turo mata muryoyin gwaji a waya, na masu jarrabawar da kansu, ko za su saurara tare.

"Bar wannan," ya ce. "Mutanen waya cinye haruffa suke. Za su ɓata maki baki. Ni na koyar da likitoci da manyan ma'aikata a ƙasar nan, babu wanda na koya wa da waya."

Ta mayar da wayar jaka. A Hawandawaki ma rezo, wato sabis ɗin waya, sai an hau tudu, ga aiki ba dare ba rana, sai ta bar muryoyin ba ta ko buɗe su ba. Kafin lokacin tafiya ta haddace maganar har tana yin ta a ranta tana wanke hannu. Lahadin ƙarshe Mushe Filimon ya miƙe a majami'arsu ya roƙi a yi mata addu'a, ya ce a bana ɗaliba tasa za ta nuna wa mutanen Yamai irin Ingilishin da ake koyarwa a Tasawa.

Ɗakin jarrabawar ƙarami ne, mai sanyi. Wata baturiya mai furfura ce ke zaune bayan tebur, da 'yar na'urar ɗaukar murya a gabanta. Ta yi murmushi ta yi magana. Altine ta ji sauti yana gudu kamar ruwa a kwata, ba ta tsinci komai ba. Matar ta sake faɗa a hankali. Sai a karo na uku ta gane sunanta kawai ake tambaya.

Tambayoyin farko haka suka wuce, tana kama kalma ɗaya ta gina amsa a kanta, ba ta san ko ita aka tambaya ba. Da aka miƙo takardar, ta karanta, murna ta kama ta: batun malami ne. Ta gyara zama ta fara, kowane harafi a fili, yadda aka koya mata. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Amma tana cikin magana ta lura matar ta matso da kai, ta ɗan karkata kunne, goshinta ya tattare. Da ta zo labarin hauya, wanda ko Mama Liza da ba ta jin Ingilishi takan yi shiru in an zo wurin, fuskar matar ba ta motsa ba. A ƙarshe ta yi wata tambaya. Altine ta roƙi a maimaita. Aka maimaita. Ta ce ba ta gane ba. Matar ta yi murmushi irin na tausayi, ta kashe na'urar.

A tsakar gidan jarrabawar Altine ta tsaya kusa da wasu 'yan mata da suka fito suna hira da Ingilishi suna dariya. Kalmomin da ta tsinta duk ta san su a takarda, amma ba haka ta taɓa jin an faɗe su ba. A motar komawa ta buɗe muryoyin Ikram, ta sa a kunne tun daga Doso har Maraɗi.

Sakamako ya fito bayan 'yan makonni. A rubutu da karatu ta wuce abin da ake nema nesa. A saurare da magana ta faɗi. Ƙungiyar ta ba wata gurbin. Baɗi kuwa Altine za ta cika talatin.

Ta jima ba ta je Tasawa ba. A makon da ta yanke shawarar zuwa, an kawo mata wata mata da mahaifa ta tare wa jariri hanya, ta tura su Tasawa, matar ta cika a amalanke kafin su fita rairayi. Da wannan a ranta ta shiga gidan Mushe Filimon ran Lahadi.

Ya riga ya ji labari. Ya sa Mama Liza ta shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa.

"Kada ki sa abin a rai, ɗiyata," ya ce. "Na san yadda suke. Sun riga sun zaɓi nasu, 'ya'yan manya. Maganar da muka shirya babu kuskure ko ɗaya cikinta. Ni na duba ta."

"Babu kuskure, Mushe."

"To kin gani."

"Mai jarrabawar ba ta gane abin da nake faɗi ba. Ni ma ban gane nata ba."

"Wannan laifin kunnenta ne. Wace irin malama ce ba ta jin Ingilishi mai kyau?"

Da ya tsaya nan, da wataƙila Altine ta sha ruwanta ta tafi. Amma ya ci gaba, ya ce tsoro ne ya kama ta, ƙila ta yi sauri, ƙila ta haɗiye ƙarshen kalmomi kamar yadda ya sha hana ta. Ta ciro wayar daga jaka, ta ajiye a kan gwiwarsa.

"Ga irin tambayoyin, Mushe. Ka fassara mani."

Ta danna. Muryar wani namiji ta fito, ta yi magana ta ɗan lokaci, ta tsaya. Mushe Filimon ya ɗauki wayar ya kai kunne.

"Sake sa shi. Iska ta ɗauke."

Babu iska. Ta sake sawa. Ya rufe ido, leɓensa na motsi. Da muryar ta tsaya ya ce, "Ya ambaci makaranta."

"Mi ya ce game da makarantar?"

Ya ƙara matso da wayar kunnensa.

"Tambaya ce, Mushe. Mi ya tambaya?"

"Altine," in ji Mama Liza daga ƙofar ɗaki. "Ya isa."

Amma Altine ta sake dannawa, ta ƙara sauti. Yara biyu da suka zo darasi da wuri suna tsaye bakin zaure suna kallo. Muryar ta gama. Tsohon ya riƙe wayar da hannu biyu, yana dubanta kamar wani abu zai fito a rubuce.

"Da an rubuta mani," ya ce a hankali, "da na faɗa maki."

"Na sani. Ni ma haka."

Ya miƙa mata wayar. Ya ce shi malaminsa na Ingilishi a Zinder Bafaranshe ne, shi ma daga littafi ya koya. Ya ce tunda yake bai taɓa zama ya yi hira da wanda aka haifa cikin harshen ba. Bai faɗe shi kamar mai ba da haƙuri ba, kamar dai mai ba kansa labari. Sannan ya tashi ya shiga ɗaki, ya saki labule. Mama Liza ta je zaure ta ce wa yaran su tafi gida, yau babu karatu. Da ta dawo ba ta dubi Altine ba, ta naɗe tabarmar da ke gefe.

Altine ta koma Hawandawaki. Ta ci gaba da sauraren muryoyin, ba don wata jarrabawa ba, don dai ta kasa bari. A hankali kunnenta ya buɗe, har ta fara jin labarai a rediyo. Babu wanda za ta yi magana da shi. Wani lokaci tana auna jariri sai ta ji kanta tana faɗin nauyin da Ingilishi, uwar ta dube ta.

Bayan girbi, wata safiya tana cikin awo aka ce tana da baƙuwa. Mama Liza ce, ta biyo motar kasuwa, ƙafafunta duk rairayi. Ta ƙi shiga, suka tsaya a inuwar bayan ɗakin haihuwa.

"Ya Mushe?" in ji Altine.

"Yana nan. Ya rufe zauren. Iyayen yara sun zo sun roƙe shi, ya ce ba ya so ya ƙara cutar ɗan kowa. A majami'a wasiƙa ta zo, ya ce idonshi ba ya gani."

Altine ta sunkuyar da kai.

"Ya sa an sayo mashi waya irin taki," Mama Liza ta ci gaba. "Jikanmu ya zuba mashi muryoyin nan. Kullum yana bayan gida wajen awaki, ya kunna, ya maimaita, ya kunna, ya maimaita. In ya ji motsina sai ya ɓoye ta cikin riga. Harshen ya ƙi juyawa, tsufa ya zo. Jiya na iske shi yana faɗa da kalma ɗaya tun safe."

"Zan zo Lahadi, Mama. In ba shi haƙuri. Mu riƙa saurare tare."

"Abin da ya kawo ni ke nan. Kada ki zo." Ta gyara lulluɓinta. "Ba ya jin haushinki. Ya ce gaskiya kika faɗa, kuma shi ya hana ki Gana. Amma in ya gan ki ba zai ci abinci ba. Ki bar mani shi haka."

Altine ta juya za ta shiga ciki. Ta ce bari ta kawo ruwa. Mama Liza ta ce motar ba za ta jira ba, ta juya ta bi hanyar kasuwa.

Daga cikin ɗakin awo wata mata ta leƙo ta ce tun ɗazu suke zaune, ko an tashi ne. Altine ta ce ba a tashi ba. Ta wanke hannu, ta kira ta gaba.