Makewayin Gidan Sango

Malam Zulkifilu mai goro ya haura shekara talatin a gida ɗaya a Agege, ciki da falo, a lungun da ke jikin masallacin unguwa. A nan aka haifa masa 'ya'ya, a nan gemunsa ya yi fari. Da tsohon mai gidan ya rasu, Allah ya jiƙansa, magada suka aiko cewa haya ta ninka, wanda ba zai iya ba ya tashi kafin ƙarshen watan gobe. Malam kuwa ba zai iya ba. Cinikin goro ya ja baya, buhun shinkafa ya zama abin da ake gaisarwa daga nesa. Tukunyar gas ma, kullum safiya sai maiɗakinsa Hajiya Iyatu ta girgiza ta, ta kasa kunne, kamar mai duba marar lafiya.

Ɗansu Abdulhafiz yana aiki a wani kamfanin roba a Sango Ota, shi ya kawo shawara. Ya ce, "Baba, abin da ake nema a nan kan ciki da falo, a can gida sukutum zai ba mu, har da rijiya. Kuɗin mota zai ɗan ci wani abu, amma motar danfo ɗaya ce daga Sango zuwa rumfarka a Agege."

Malam ya ce, "Danfo ɗaya, gosilo nawa?"

Duk da haka bai ƙi ba, domin ba shi da hujjar ƙi. Abin da ke ransa bai faɗa wa kowa ba: gurbinsa a sahun farko, dama da liman, inda goshinsa ya san tabarma tabarma ta san shi, da bencin ƙofar masallaci, inda tsofaffi ke zama bayan La'asar, da maƙabartar da mahaifinsa ke kwance. Amma dattijo yana jin nauyin ya ce benci ne ya hana iyalinsa sauƙi.

Ranar wata Asabar suka tafi shi da ɗan. Suka daɗe a tsaye a Abule Egba har Malam ya zagaye carbinsa ya sake zagayewa, sannan suka isa garin da hayaƙin masana'antu ke tashi ta bayan rufin gidaje. Dillalin gidaje, wani Bayarabe mai fara'a da ya iya Hausa, ya buɗe musu gida mai kyau. Malam bai dubi falo ba, bai dubi rijiya ba. Ya wuce kai tsaye ya leƙa makewayi, ya fito tsakar gida ya ɗaga kai ya dubi rana, ya miƙa hannu ya auna, ya girgiza kai.

"Subhanallahi. Wannan yana fuskantar alƙibla."

Dillali ya ce, "Baba Alhaji, akwai wani."

Na biyun ya ba alƙibla baya. Asabar ta gaba suka ga wani, wanda Malam ya ce ya karkata, kuma karkatar ba ta kwanta masa a rai ba. Dillali ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin mai neman gida da ke fara gaisawa da makewayi ba. Kowace tafiya Malam yakan dawo Agege da fuskar mai baƙin ciki, ya zauna a benci da sauƙin zuciya, ya ba tsofaffi labarin yadda maginan Sango ba su san gabas ba.

Wata ya kusa ƙarewa. Magada suka fara kawo baƙi suna leƙa tagogi. Ranar Asabar ta ƙarshe Hajiya Iyatu ta yafa mayafinta ta ce, "Malam, yau da ni za a je. Ina so in ga wannan gari da aka haɗa baki aka gina shi a karkace."

Gidan ranar yana bayan wata masana'antar biskit, iska duk ƙanshin gashi. Ɗaki uku, rijiya, da bishiyar gwanda. Hajiya ta ɗebi ruwan ta ɗanɗana, ta tsayar da wata mai tallan tumatir ta tambayi farashi, ta ce, "Alhamdulillahi." Malam ya ji wannan hamdala, ya gane gidan ya kwanta mata a rai. Ya nufi makewayi, ya fito, ya dubi rana. Bai kai ga miƙa hannu ba Hajiya ta ce wa ɗanta ya ja dillali su je su duba mitar wuta.

Da suka rage su biyu ta ce, "Malam, ina da tambaya ta neman sani."

"Allah ya sa na sani."

"Namu na Agege, ina yake kallo?"

Malam ya zaro carbinsa daga aljihu.

Ta ce, "Ni ke wanke shi tun ina amarya. Inda sahun masallaci ke fuskanta, nan yake fuskanta, ko ɗan karkatar nan babu. Ban taɓa tayar da maganar ba, domin kai ka karantar da mu a karatun tsarki cewa hanin ya fi shafar fili da daji, malamai sun yi sauƙi a cikin gini. Ko an sake hukuncin ne a hanyar Sango, ban ji ba?"

"Hajiya, fita daga saɓanin malamai abin so ne."

"Haka ne. Fita daga gidan magada kuwa dole ne."

Malam ya zauna a bakin rijiya. Ya so ya yi fushi, ya laluba bai samu ba. Can ya yi ƙasa da murya ya ce, "To wa zai tsaya dama da liman?"

Hajiya ta zauna kusa da shi. "Ai na san nan ciwon yake. Wanda Allah ya ba ikon riga zuwa, shi zai tsaya. Azahar da La'asar kana kasuwa, ba wanda zai riga ka. Bencinku ba ƙafa gare shi ba. Ranar Juma'a ka ziyarci kabarin Baba ka yi masa addu'a kamar kullum. Asuba da Magariba da Lisha kuwa, ka ga wancan?"

Ta nuna wata rumfar kwano a ƙarshen layi, an ɗaura mata lasifika a jikin gora. Ma'aikatan masana'anta ne ke ta alwala da butoci, cikin rigunan aiki, suna sauri.

"Su ma Ubangijinsu ɗaya da na Agege."

Malam ya yi istigfari a hankali, domin ya ga ya jingina son ransa ga addini, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Da dillali ya dawo yana shirin jin hukuncin rana, Malam ya ce, "Mun karɓa."

"Baba Alhaji! Makewayin fa?"

"Yana cikin gini."

Dillali ya dubi Abdulhafiz, Abdulhafiz ya dubi bishiyar gwanda.

Sun iso Agege rana ta yi sanyi. Malam bai shiga ɗaki ba. Ya zagaya bayan gida, ya tsaya gaban tsohon makewayin, ya dubi bangon masallaci, ya dawo ya dubi ƙofar, ya miƙa hannu ya auna har sau biyu.

Hajiya tana ninke zannuwa cikin jaka ta leƙo ta taga. "Malam, me aka samo?"

Ya ce, "Allah ya gafarta wa maginin. Miƙo mini kwali, littattafaina ni zan ɗaure su da kaina."