Saura Wata Huɗu

Rabin kan Zeinabu ya yi fari da man miƙar da gashi lokacin da matajin ya suɓuce daga hannun Ramlatu. Ta dafa kujera ta sunkuya, tari ya taso mata tun daga ciki. Ba irin na mura ba ne, wata 'yar ƙara ce ke bin bayansa kamar ana hura usur daga nesa. Na ajiye furar da na kawo mata, na miƙa hannu zan buɗe taga.

"Tanti Balki, kar ki buɗe!" in ji Zeinabu, matar da ake yi wa gyaran. "Kaina waje yake. Ba ki ga 'yan fada ba?"

Na gan su mana. Maza shida a gindin dogon yaro, daidai saitin tagar, suna dafa shayi tun safe kamar albashi ake ba su. Saboda idonsu ne aka liƙe tagar da kwali, aka yi wa ƙofa labule biyu. Matan aure suna tsallake shagon gyaran gashi uku su zo wajen Ramlatu don a nan suke cire ɗankwali hankali kwance. Iskar ɗakin kuwa, da warin mai da na gam ɗin farce, ba ta da hanyar fita sai ƙirjinta.

Ramlatu ta fesa ɗan famfon maganin numfashinta a baki, ta share ido, ta ɗauki matajin. "Wanda ya ci ladan kuturu, Tanti, dole ya yi masa aski," ta ce tana dariya. Zeinabu ta ce Allah ya isa, ita ba kuturwa ba ce.

Katanga ɗaya ta raba gidana da ɗakin hayar Ramlatu, inda take wannan aikin, a unguwar Wadata. 'Yar Tawa ce, ta zo Yamai ta yi shekara ɗaya da rabi a makarantar gyaran gashi da kwalliya. Kuɗin makaranta da na kayan aiki, jika ɗari tara na sefa, wani asusun ba mata rance ne ya biya, kuma sun ce sai da mai tsaya mata. Ni na tsaya. Na ba su takardar rumfata ta Babbar Kasuwa, inda nake sayar da atamfa, abu guda da marigayi maigidana ya bar mini. Har da cika baki na dangwala hannu, ina cewa ɗiyar maƙwabta ɗiya ce.

Ran nan da la'asar sakaliya ta shigo gidana da littafin lissafinta, ta zauna bakin tabarma.

"Na tafi likita, Tanti. Lokotoron da ya duba ni ya ce in bar mai da gam, ko in canza ɗaki."

"To, sai ki canza."

"Da mi? Kuma in na buɗe taga, su wa za su zo?" Ta buɗe littafin. "Dubi. Kitso jika biyu ne, yana cinye mini rabin yini. Mai da farce jika biyar, cikin awa guda. Asusu na son jika arba'in da biyar kowane wata, ga haya, ga wuta, ga abin da nake aika wa Inna. In na tsaya ga kitso kaɗai, ba ya fita. Na juya shi sau goma."

"Saura wata nawa?"

"Huɗu." Ta ɗago ta dube ni. "Takardarki ce a hannunsu, shi ya sa na zo. In kin ce in tsaya, in tsaya, mu tafi tare mu roƙe su."

Ina jin numfashinta daga inda nake zaune. Wallahi ina ji. Amma abin da ya zo mini a ido shi ne rumfata da kwaɗon wani a ƙofarta. Tsoro ya kama ni, na kuwa naɗe shi da magana mai daɗi irin ta manya.

"Wata huɗu kamar yau ne, ɗiyata. Ki daure. Ga Salla tafe, ciniki zai buɗe."

Ta ce, "Haka ne, Tanti," ta rufe littafin. Ko gardama ba ta yi mini ba, kuma wannan ya fi ci mini rai har yau.

Daga nan na koma aika mata zuma da citta, kamar su ne maganin abin da na faɗa. Da safe in ina shara nakan ji tarin ta bayan katanga, sai in ƙara ƙarfin tsintsiya.

Ana saura kwana biyu Babbar Salla, da azahar, aka ɗauke wuta. Mata bakwai ne a ɗakin, fanka ta tsaya, zafin ya dafa warin. Ihun Zeinabu ne ya fito da ni ba takalmi. Na tarar da Ramlatu zaune a ƙasa, bayanta a bango, leɓunanta sun canza launi, tana matsa famfon ba abin da ke fita. Ashe ya ƙare tun shekaranjiya, ta ce sai ta kai kuɗin wata za ta sayi wani. Matan nan kowa na lalubar hijabinta kafin a ɗaga labule. Na fizge shi da kaina, na ƙwala wa 'yan fada kira. Su suka sa ta a taksi, kanta a cinyata. Ba mu kai likita da ita ba.

Bayan sadakar bakwai wani ma'aikacin asusun ya zo har gida. Ya yi mini gaisuwa, ya ce rancen yana da inshora, mai bashi in ya rasu bashin ya faɗi. Ya miƙo mini takardar rumfata cikin leda, ko ƙura babu. Na karɓa, har godiya na yi masa, don bakina ya saba.

Ba na yawan tuna wannan ranar. Ranar wanka nake tunawa. Mahaifiyarta tana kan hanya daga Tawa, sai aka ce ni ce uwa, in shiga. Da na kwance ɗankwalinta na tarar da wani tsohon kitso, ya yi wata uku ko fi, duk ya tashi ya cukurkuɗe, saiwar ta yi tsawon ɗan yatsa. Na zauna na warware shi ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ina gudun in ja mata. Na taje, na raba gida uku, na kitse. Na tsakiyar ya karkace, na kwance na sake.