Ranar da Na Riƙe wa Yaya Agogo

Wurin aiki shida na bari kafin in cika shekara arba'in, kuma kowanne da laifin da na ɗora masa. Na farko shugaban ba ya amsa gaisuwa. Na biyu nisa. Na uku ban ma tuna ba, ina jin kujerar ce ba ta yi mini ba. Matata ta gaji da jin ƙorafi, ran nan tana zuba mini shayi ta ce, “Kai ko a gidan aljanna aka ba ka ofis, sai ka ce fankar tana ƙara.” Na yi fushi kwana biyu, don gaskiya ta faɗa.

Yayata kuwa wuri ɗaya ta sani. Shekara ashirin da bakwai tana ɗakin wanki da guga na wani babban asibiti. Ta girme ni da shekara goma sha huɗu, kuma tun da iyayenmu suka rasu ita ce uwa ita ce uba. Da dutsen guga ta kai ni makaranta har na gama jami'a. Hannuwanta duk tabon ƙuna ne, daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Duk lokacin da na kalle su sai tausayi ya kama ni, da wata kunya da ba na son in amsa sunanta. Na sha ce mata ta bar aikin nan haka, sai ta yi dariya ta ce, “Auta ke nan. In bari in yi me, in zauna ina ƙirga ƙudaje?”

Aikina na bakwai a wani kamfani ne da ke shiga ma'aikatu ya duba yadda suke aiki, ya rubuta musu inda suke ɓata lokaci. Kayan aikinmu agogon awo ne da takarda. Ka tsaya a bayan mutum, ya fara ka danna, ya gama ka danna. Wata rana aka miƙo mini fayil, ina buɗewa na ga sunan asibitin su Yaya, kuma ɗakin wanki na cikin wuraren da za a auna. Ban gaya wa shugabana cewa ina da 'yar'uwa a wurin ba. Ita kuma na kira ta na ce, “Yaya, ranar Talata zan zo in ga yadda kuke aiki.” Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ce mata aunawa zan yi ba, ban ce akwai abin da zai biyo baya ba.

“Kai da kanka?” in ji ta. “Shekara ashirin da bakwai ba ka taɓa sauko mana ba. Allah ya kai mu.”

Ɗakin a can ƙasan ginin yake, sai ka bi wani dogon lungu mai warin sabulu. Injin wanki uku, dogayen tebura biyu, tagogi ƙanana a sama kusa da silin. Tururi ya cika ko'ina, kafin in ajiye jakata rigata ta manne mini a baya. Su shida ne. Yaya ta sa sabon ɗankwali, ta kamo hannuna kamar ɗan firamare tana zagayawa da ni.

“Ga Autan namu da nake ba ku labari. Yau ya zo ganin aikinmu.”

Wani dogon mutum mai kula da injuna, wanda kowa ke kira Dogo, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Wannan ne wanda muka goge wa rigar makaranta? To ranka ya daɗe, ka cire kwat ɗin nan kafin ka dahu.” Aka kwashe da dariya, ni ma na yi yaƙe, na ciro agogona.

Yaya ta fara da rigunan da ake sa wa marasa lafiya in za a shiga da su tiyata. Ta shimfiɗa ɗaya, ta ja igiyoyin baya ɗai-ɗai ta ga ko akwai wadda ta kusa tsinkewa. Ta samu ɗaya, ta zaro allura daga gefen ɗankwalinta ta ɗinke. Sannan ta goge, ta ninke ta yadda igiyoyin za su kwanta a sama.

“Wanda za a yi wa tiyata, hannunsa rawa yake yi,” in ji ta. “Bai kamata ya tsaya neman igiya ba.”

Na danna agogo, minti huɗu da 'yan daƙiƙu a riga ɗaya. Na rubuta.

Ta nuna mini yadda take karanta asibitin daga kayan wanki ba tare da ta hau sama ba. Ta ɗaga tarin zannuwan gado ta ce jiya ɗakin haihuwa bai huta ba. Ta jawo wata 'yar ƙaramar riga mai lambar gado na huɗu a wuya, daga ɗakin yara, ta ce wata uku ke nan tana goge wa mai gadon nan, ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, amma kwanan nan rigar ta daina zuwa da amai, ke nan sauƙi ya fara samuwa. Rigunan yara ita take barinsu na ƙarshe, don su isa sama da ɗuminsu. Tana magana fuskarta na sheƙi da gumi, tana murmushi, ni kuwa abin da nake gani kawai mace mai shekara hamsin da huɗu a tsaye cikin zafi tun safe. Na ce a raina, wallahi sai na fitar da ke daga ramin nan.

Sauran ma haka suka yi ta aiki a natse, kowane zanen gado sai an daidaita kusurwoyinsa huɗu, kowace rigar likita sai an bi wuyanta sau biyu. Na lura aikin na tafiyar hawainiya, har na ɗan yi mamakin yadda suke iya gamawa kullum. Amma ban tambaya ba, don lissafin ya zo mini daidai da abin da nake so.

Rahotona ya ce ɗakin ba ya iya ɗaukar nauyin asibitin, a ba wani kamfani na waje aikin. Daraktan asibitin ya karanta ya ce dama abin da yake zargi ke nan. A nan ne na sunkuyar da kai na ce, “Ranka ya daɗe, ina da roƙo ɗaya.” Na gaya masa babbar cikin masu wankin yayata ce. Ya ce ba komai, akwai gurbi a tagar ba da kati, kujera ce da na'urar sanyaya ɗaki, ba ta da aiki sai miƙa wa mutane lamba.

Da yamma na tafi gidanta ina tafe ina jin kaina, kamar wanda ya sayo mata mota. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti. Na zayyana mata komai, kujerar, sanyin, ba tsayuwa, ba ƙuna. Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar.

“Ɗakin fa?”

“Za a rufe, Yaya.”

“Su Dogo fa?”

Na ce ana duba lamarinsu. Can ta ce, “Kai ka rubuta?” Na ce ni ne, kuma dominta na yi. Ta gyaɗa kai a hankali.

“To, Allah ya yi maka albarka, Auta. Na gode.”

Na tafi gida na gaya wa matata cewa Yaya ta yi murna har ta kasa magana. Matata ta dube ni ta ce, “Uhm.”

Huɗu daga cikinsu aka sallama. Dogo aka mayar da shi gadin ƙofa. Ni kuma aka ƙara mini girma, aka ba ni ofis mai taga biyu da sunana a jikin ƙofa. Mako uku na yi ina jin daɗinsa, daga nan na fara lura cewa mataimakin da aka ba ni yana tauna cingam da ƙarfi.

Yaya ta zauna a tagar kati. Na leƙa ta sau biyu. Tana zaune da rigar sanyi, ta miƙa lamba, ta ce na gaba, ta miƙa lamba. Ƙafafunta suka fara kumbura saboda zama. Ta rage surutu, ita da in ta fara ba ka labarin mutanen sama sai ka roƙe ta ta tsaya. In na tambaye ta aiki sai ta ce alhamdu lillahi, ta sauya magana. Na ce wa kaina sabo ne, za ta saba.

Bayan wata biyar na je asibitin wani taro, Dogo ya buɗe mini ƙofa. Na sauke gilashin mota na gaishe shi, na ce yaya sabon wuri. Ya ƙi sakin ƙarfen ƙofar.

“Ranka ya daɗe, in tambaye ka mana. Ranar da ka zo da agogon nan, ka san me Yaya ta ce mana da safe?”

Na ce a'a.

“Ta tara mu ta ce, yau ƙanena zai zo ganin aikinmu, kada wanda ya yi mini gaggawa. A yi komai a tsanake, a nuna masa yadda ake yi na ƙwarai. Mu da muke gama kayan tiyata kafin ƙarfe goma, ran nan har azahar muna kai. Bayan ka tafi sai da muka ƙara awa uku muna biyan bashin aikin da muka ƙi yi a gabanka.” Ya yi wata dariya marar daɗi. “Kwalliya muka yi maka, kai kuma ka auna kwalliyar.”

Na ce me ya sa ba wanda ya faɗa? Ya ce ita ta hana. Ta ce in aka ce rahoton ba daidai ba ne, Auta ne zai ji kunya a wurin aikinsa, kuma wannan ne aikin farko da ta ga kamar zai zauna.

Ban shiga taron ba, ofishin darakta na wuce. Ya saurare ni da haƙuri, sannan ya ce an riga an sa hannu da kamfanin na shekara biyar, injunan an sayar, ɗakin ma yanzu ma'ajiyar tsofaffin gadaje ce. Ya ce, “Ai rahotonka ya yi kyau, kada ka damu kanka.” Na fito na zauna a mota na kifa kai a sitiyari. Garin neman gira na rasa mata ido, kuma ba wanda ya aike ni.

Ranar Asabar da la'asar na je gidanta. Tana zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafafu a kan matashi, sun yi suntum. Ta ce in ɗauko kujera, na ƙi, na zauna a ƙasa kusa da ita.

“Yaya, na haɗu da Dogo.”

“Dogo da baki,” in ji ta. “Na ce masa ya yi shiru.”

Na ce ta yafe mini. Na ce na ɗauka wahala take sha, na ɗauka duk wanda ya tashi da safe ya tafi aiki yana jin abin da nake ji, wannan nauyin da ke danne ƙirji tun daga bakin ƙofa.

“Ni ban taɓa jinsa ba,” ta ce a hankali. “Zafi akwai, gajiya akwai, wani lokaci har kuka na yi don ciwon baya. Amma in na kwanta na san abin da na yi da ranata. Yanzu ne nake jin abin nan da kake faɗa. Ashe haka kake fama duk shekarun nan? Sannu, Auta.”

Ni na zo ba ta haƙuri, ita take yi mini sannu. Na fashe da kuka kamar yaro, ta bar ni na yi mai isata. Ta ce yafiya kam ta yafe tun ranar, ba ta kwana da ni a rai ba ko sau ɗaya. Abin da ya fi damunta mutum huɗun nan ne, ta ce in ina da hanya in nema musu wani abu, na ce zan yi. Ta kuma ce ba ta san yadda mai gado na huɗu ya ƙare ba, ta tambaya a sama an ce yara da yawa sun kwanta a gadon, wanne take nufi, ita kuma ba ta san sunansa ba.

Can ta gyara zama ta dube ni sosai.

“Abu ɗaya nake so ka gaya mini. An ce an ba ka babban ofis saboda aikin nan. Ka samu natsuwa? In dai kai ka samu, to ni ban yi asara ba.”

Tana kallona da fata a idonta, da gaske take so in ce e. A cikin motata a waje akwai takardar neman aiki a wani kamfani, na cike ta tun ranar Laraba.

“Na samu, Yaya,” na ce. “Ina jin daɗi sosai.”

Ta daɗe ba ta ɗauke ido daga kaina ba. Sannan ta sa tafin hannunta ta share mini fuska, ta juya kai wajen bango.

“Tun kana ƙarami ba ka iya ƙarya ba,” in ji ta. “Tashi ka tafi gida, matarka na jira.”