Auta Na Cikin Rediyo

Nas ta kwance abin awon daga hannun tsohuwar, ta sake ɗaurawa, ta sake duba lambar. Sannan ta juyo wajen ɗanta.

"Jininta ya hau sosai. Tana shan ƙwayoyinta kuwa?"

"Kullum," in ji Auta.

"Wata biyu rabona da su," in ji Inna, hankalinta kwance.

Auta ya juyo ya dube ta. Shi ke sayo ƙwayoyin nan duk wata, ya ajiye mata a kan talabijin. Inna ta zuge jaka ta fito da wata koriyar kwalba mai suna Tashi-Tsaye, ta dangwarar a tebur. Har da rera wa nas, tana kaɗa kai:

"Cokali ɗaya da safe, Tashi-Tsaye,
Ciwo ya gudu, ke kin miƙe."

Nas ta ƙarasa baitin tare da ita kafin ta farga ta haɗe rai. Auta ya sunkuyar da kai, don waƙarsa ce, da muryarsa. Sana'arsa ke nan, waƙar talla: ya yi wa sabulu, ya yi wa katifa, ya yi wa maganin sauro. Ta Tashi-Tsaye kuwa cikin minti ashirin ya haɗa ta a situdiyo yana jin yunwa, ko murfin kwalbar da aka ba shi bai buɗe ba.

"In ta ci gaba a haka, shanyewar ɓarin jiki ke jiranta," nas ta ce masa. "Yau ɗin nan ta koma kan ƙwayoyinta."

Da suka isa gida ya tarar da kwalayen ƙwayoyin a bayan talabijin, an jera su tsaf, ko ɗaya ba a taɓa ba. Ya ɓallo ƙwaya ɗaya, ya ɗebo ruwa a kofi, ya durƙusa a gabanta.

"Inna, talla ce fa. Aiki aka ba ni na yi."

"Aikin ƙarya aka ba ka?"

"Ba ƙarya ba ce... wato, ban san abin da ke cikin kwalbar ba."

"Ba ka sani ba ka ce ciwo zai gudu? Ni ban haifi maƙaryaci ba. Duk maƙwabta ni na sa suka saya, na ce ɗana ne."

"To ai ga ni, Inna. Ni ɗin ne dai nake cewa ki bari."

Ta dube shi, ta dubi rediyonta da ke kan taga.

"Na cikin rediyon ya fi ka sanin abin da yake faɗa. Kai sai in-ina kake yi."

Ta kwanta ta juya masa baya. Kan Auta ya ɗaure tamau. Tsoro yake ji, ga haushi, amma ya rasa haushin wa zai ji, tunda abokin gardamar tasa shi ne da kansa. Ya yi lallashi, ya kawo maganar nas, ya haɗa ta da girman Allah. Ko motsi ba ta yi ba. Ƙwayar har ta fara narkewa a tafinsa.

Can ya gyara murya, ya soma buga gefen gadon da yatsu, da karin nan dai da kowa ya sani:

"Ƙwaya ɗaya da safe, Innata,
Jini ya sauka, ke kin huta."

Inna ta juyo a hankali.

"Sabuwa ce?"

"Sabuwa ce."

"Sake."

Ya sake. Ta tashi zaune, ta karɓi ƙwayar ta haɗiye, ta kora da ruwa.

"Da haka ka yi bayani tun farko, ai da na gane," ta ce.

Auta ya karɓi kofin ya zauna a ƙasa. Ta bayan katanga rediyon maƙwabciya ya sako Tashi-Tsaye, matar tana bi da ƙarfi. Sai da aka kai baiti na biyu ya lura ƙafarsa na bin kiɗan.