Baƙin Opal

Tun shigowar bazara Marlene Deardorff ba ta ƙara cin abincin yamma cikin kwanciyar hankali ba. Rana na faɗuwa sai ta jiyo baƙi 'yan yawon buɗe ido tafe daga kan kwana, ana 'yar dariya ƙasa-ƙasa, Duane Bucher a gaba da fitilar ƙwai da doguwar baƙar hula, kai ka ce shi ya binne sojojin tsohon yaƙin basasar da aka gwabza a garin da hannunsa. Duane ɗin nan fa tare suka yi firamare. Ta san shi tun yana sayar da tayoyi. Yanzu fatalwa yake sayar wa baƙi, su biya ya zaga da su gidajen da ake cewa tana fitowa, kamar rabin mutanen garinsu, Gettysburg.

Gidansu na jan bulo ne, da ramukan harsashi a bangon gabas, an kuma ce a falonsa aka kwantar da masu rauni lokacin yaƙin. Wannan bai dame ta ba, kowane gida a layin da irin nasa labarin. Hoton ne ya tsaya mata a rai. Wata baƙuwa ta ɗauke shi bara: tagar bene, da mace fara fat tsaye bayan gilashi, fuskar ba ta fito sosai ba. Duane ya buga shi a riguna da kofuna, ya raɗa mata suna Bazawarar Taga, wai mijinta take jira tun ranar da ya tafi fagen fama.

Macen kuwa uwar Marlene ce, Opal, mai shekara tamanin da 'yan kai. Da ranta, sai dai ciwon mantuwa ya cinye mata yawancin abin da ta sani. Ba ta yarda a kunna fitila a ɗakinta, ba ta yarda a raba ta da farar rigar barcinta, yamma na yi sai taga. Nan hasken kyamarori zai yi ta sauka a fuskarta, fau, fau, Marlene ta hau ta same ta jiki na rawa, barci ya gagara. Likita ya ce tsohuwar hutu take bukata. To, ina hutun? Marlene ta rataya labule mai kauri, Opal ta fizge shi. Ta yi wa Duane magana ta arziki, ya ce titi na kowa ne.

Ran wata Asabar tana wanke kwanuka ta ji sun tsaya a ƙofar gidan.

"Jama'a, a yi shiru," in ji Duane, da muryar nan tasa ta masu wa'azi. "Ba a yi wa fatalwa ihu, ba a yi mata gatse. Cikin ladabi ake tambaya." Ya ɗaga fitilar sama. "Baiwar Allah, in kina nan tare da mu, ki ba mu alama."

A bayan gilashin wani farin hannu ya ɗagu a hankali. Wata mata ta ƙwalla ƙara. Wani mai ƙaton ciki ya ɗaga na'urarsa ta gano fatalwa mai ƙyafta jan haske yana cewa ta kama, ta kama. Marlene ba ta san lokacin da ta buɗe ƙofa ba, kumfa a hannunta.

"Duane, ba ka da kunya? Ko ɗigo?"

"A'a, Marlene ce? Sannu da fitowa. Jama'a, ga mai gidan, ita ma ta sha ganinta."

"Na sha ganinta mana, tunda ni nake mata wanka!" Ta juyo kan baƙin. "Uwata ce kuke wa wannan cin mutunci. Ɗazun nan na ba ta miyar kaza da masara, ta zubar da rabi a riga. A garinku fatalwa na zubar da miya?"

Wani ya tuntsire da dariya, ya yi maza ya haɗiye ta.

"Ni ban taɓa cewa ga ko wace ce ba," in ji Duane, murya ta sauka. "Hoto na nuna, kowa ya ga abin da ya gani."

"Ƙarya kake, munafiki. Matar da ka liƙa a kofi ita ta koya maka addu'a a coci kana jan majina. Sarai ka san ta. Ku kuma, manya da ku, kun yi tafiya tun daga wata uwa duniya ku zo ku firgita marar lafiya. Ku ɓace mini daga nan!"

Ashe akwai mai ɗauka da waya. Kafin Litinin garin duka ya kalla, har a gidan mai ana kwaikwayon muryar Duane. Ya sauya hanya, ya koma bi da mutanensa ta bayan maƙabarta. Marlene ta ji daɗi ƙwarai, ba ta ma ɓoye ba.

Layin ya yi tsit. Opal ta ci gaba da tsayuwa a taga, sai dai yanzu tsayuwar ba ta ƙarewa. Jikinta ya daina rawa. Ta kuma daina cin abinci. Marlene ta kai cokali, ta kau da kai, ta sake kaiwa, ta ture.

"Mama, ko loma ɗaya."

"Ina baƙina?"

"Waɗanne baƙi?"

"Masu zuwa gaishe ni. Kullum sai sun tambaya ko ina nan." Ta juyo ta ƙura wa 'yarta ido, irin kallon da ta daɗe ba ta yi ba, na wadda ta gane abin da take kallo. "Ke ce. Na ji muryarki. Ke kika kore su, baƙar zuciya. Tun kina ƙarama ba kya son ki ga ana yi da ni."

Maganar ta soki Marlene. Shekara da shekaru tana ɗawainiya da matar nan, ba ta taɓa tunanin cewa rawar jikin ta murna ce ba. 'Yan coci sun daɗe da ɗauke ƙafa, ɗan'uwan Marlene sai waya. Ashe a duk garin waɗannan sakarkarun ne kaɗai ke tsayawa su tambayi Opal wani abu, su kuma jira amsarta.

Ta roƙi maƙwabta su riƙa ɗaga mata hannu in za su wuce. Sun yi kwana biyu, suka gaji. Tsohuwar ta ci gaba da ramewa. Da abin ya ishi Marlene, ta danne zuciyarta ta tafi shagon Duane da safe. Ta same shi yana tusa rigunan Bazawarar Taga a kwali.

"Me kuma? Akwai sauran zagin da kika manta?"

"Ka dawo da su ta layinmu," in ji ta, ba ta dube shi ba. "Ba sai da kyamara ba. Su tsaya kawai, ka yi tambayarka, ta ɗaga musu hannu."

Ya ajiye rigar da ke hannunsa ya yi dariya, dariyar da ba daɗi a cikinta.

"Kin tsiraita ni a gaban duniya. Jikata ta dawo daga makaranta tana kuka. Yanzu kuma ni zan kawo miki 'yan gaisuwa?"

"Ba don ni ba, Duane. Ba ta cin abinci."

"To, wa zai taso tun daga jihar Ohio ya zo kallon tsohuwa mai rai? Kowa da irinta a gida, gudunta ma suka yi suka zo nan." Ya ja kwalin ya rufe. "In ta cika ki yi mini waya. Ranar zan kawo miki mota biyu cike."

Hannunta ya yi ƙaiƙayin mari, amma ta juya ta fita. Tun daga kan kwana ta hango farar rigar a tagar bene, ga shi ko azahar ba ta yi ba. Ta buɗe ƙofa ta shiga, ta ɗora miyar jiya a wuta.